Ƙarin inci 2 a kan babur, da aikin da ya biyo baya

Babur ɗina Suzuki V-Strom ne mai 650, tsohon yayi, wanda ba shi da ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa idan aka damƙe birki. Tokumbo na saye shi a nan Legas, domin in riƙa zuwa gida Kontagora ba sai na jira motar dare ba. Inji dai ba ni da abin cewa a kansa. Silinda biyu gare shi, tankinsa na cin lita 22, idan na cika shi a Agege ba na tunanin gidan mai sai na doshi Ilori. Matsalar daga ƙirar jikina take. Ni dogo ne, amma tsawon nawa a gadon baya yake, hannuwana ba su bi shi ba. Kamfani kuwa idan zai ƙera babur, matsakaicin mutum yake aunawa. Saboda haka duk lokacin da na kama kan babur ɗin, wato ƙarfen da ake riƙewa a tuƙa, sai na ɗan sunkuya gaba, nauyin kafaɗuna ya sauka a kan wuyan hannu.

A cikin gari ba ka gane wannan, tunda kowane minti kaɗan ka tsaya, ka sauke ƙafa, ka saki hannu. A doguwar hanya abin ke fitowa fili. Daga Legas zuwa Badun wajen kilomita 127 ne, kuma a nan zafi ke fara tsirowa a tsakanin kafaɗuna. Kafin Ogbomosho ƙaramin yatsana na dama da na kusa da shi sun mutu, ba na jin su. Idan na haye gadar Jabba, waiwaye ma sai na juya da jikina duka. Ciwon zan iya jurewa. Abin da ya tayar min da hankali shi ne hannun da ke mutuwar, shi ne hannun birkin gaba, a hanyar da tirela ke iya tsayawa a gabanka ba sigina ba komai.

Makaniken da ke duba min babur dattijo ne, mutumin Katsina, kowa Baba yake ce masa. Da a Idi-Araba ta ƙaramar hukumar Mushin yake, yana gyara wa 'yan acaɓa. Da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ta kuma ƙara da wasu huɗu har da Mushin a watan Satumba, sai aiki ya ɗauke masa, ya dawo Agege ya koma kan manyan babura da na masu kai saƙo. Na je masa da hoton wani kai a wayata, dogo mai sheƙi, na ce irinsa nake so. Ya duba, ya miƙo min wayar, ya ce, "Alhaji, kafin a sayi ƙarfe bari a fara auna mutum."

Ga yadda ya yi awon. Ya ɗora babur ɗin a kan jek ɗin tsakiya, ya sa na saka rigar tafiyata da hular kwano, domin rigar na rage miƙewar hannu. Na hau, na ɗora ƙafafu a matakansu. Ya ba ni guntun bututun roba irin na masu aikin famfo, ya ce in rufe ido, in miƙe baya, in saki kafaɗa, in riƙe bututun a inda hannuna ya ga dama, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. Yaronsa na tsaye a gefe da tef, yana auna tazarar da ke tsakanin bututun da robar hannu ta asali. Sai a ce in sauke hannu, in yi numfashi, in sake. Duk maimaicin da muka yi, awon bai kauce wa wuri ɗaya ba: sama da wajen santimita 5, wato inci 2, baya kuma da rabin haka. Kan da na nuna masa a waya ya ninka wannan tsayin fiye da sau uku.

Irin wancan dogon kai da ake gani a kan Harley-Davidson a Amurka, wanda hannu ke wuce kafaɗa, yana da kyan gani, ba na musu. Amma idan hannu ya haura kafaɗa jini ba ya isa yatsu yadda ya kamata, iska kuma tana cika maka ƙirji tana tura ka baya, ka koma kana riƙe kanka da hannu maimakon ka tuƙa. Wasu jihohin Amurka ma doka suka yi a kan iyakar tsayin kan babur. Wanda zai zaga Ikoyi ranar Lahadi na iya sa abinsa. Ni da zan wuni a hanya, hannuna dole ya tsaya ƙasa da kafaɗa.

Da awon ya fito, hanya biyu ce a gabana. Ta farko ita ce raiza, wasu 'yan tubalan alminiyam da ake sakawa a ƙarƙashin kan na asali su ɗaga shi. Ita ta fi sauƙi da araha, kuma idan ƙarin bai wuce inci 1 ba, galibi wayoyin asali sukan isa. Tana da wani amfani da mutane ba su lura da shi: da yake ƙafar gaban babur a karkace take zuwa baya, duk abin da ka ɗaga a kanta yana matsowa wajenka ne, ba sama kaɗai yake yi ba. Sai dai raiza ba ta canja lanƙwasar kai, ni kuma rabin damuwata a lanƙwasar take. Baba ya sa na riƙe biro a kowane hannu, na miƙa hannuwan gaba a sake, muka dubi inda birukan suka fuskanta. Sun fi karkatowa baya a kan yadda robar hannun babur ɗin take. Ashe duk tsawon tafiya wuyan hannuna a murɗe yake zuwa waje, jijiyar da ta bi ta gefen ƙaramin yatsa tana danne. Don haka na zaɓi hanya ta biyu, a sauya kan gaba ɗaya.

Akwai ta uku da wani abokin hira ya kawo a shagon, wai a kai wa mai walda ya yanke kan ya ƙara masa bututu. Ban ko saurare ta ba, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan kada ya yarda a yi masa haka. Babur ɗin nan ya haura kilo 200. Idan ka damƙe birki da ƙarfi, nauyinka duka a kan ƙarfen nan yake sauka. Walda na iya yin kyau a ido, cikinta kuma da tsaga, kuma ranar da za ta buɗe ba a tsaye za ta same ka ba.

Wajen sayen kai abin da ake fara tabbatarwa shi ne kauri. Yawancin baburan Japan, har da nawa, milimita 22 ne kaurin kansu. Harley-Davidson da ire-irensa inci 1 ne, wato milimita 25.4. Akwai kuma mai kumburin tsakiya, milimita 28.6 a wurin ɗauri, ya sirance zuwa 22 a wurin riƙo, shi sai an sauya masa maɗauri. Bambancin milimita 3 ido ba ya kama shi a cikin shago, amma gidan totur da libar birki ba za su zauna ba. Baba ya yi wata dabara da ta hutar da ni. Ya kwantar da tsohon kan a kan faffaɗan kwali ya zana shi da baƙin alƙalami, sannan ya zana wanda muke nema a kansa da ja, ya rubuta kauri a gefe. Da kwalin nan na shiga kasuwar Ladipo, na kuma je kasuwar Trade Fair da ke hanyar Badagiri. Duk kan da aka ɗauko min, sai in shimfiɗa kwalina a ƙasa in ɗora shi. Babu jayayya, babu "Oga wannan zai yi, wallahi zai yi".

Kan Bajaj da TVS kam ga su nan kamar a ba ka kyauta, kuma kaurin wurin riƙonsu ya yi daidai da nawa. Amma don ƙaramin babur aka yi su, faɗinsu bai kai ba. Na ga na tokumbo da aka ciro daga manyan babura, wasu har da lanƙwasa mai kyau. Abin tsoro a tokumbo shi ne ba ka san tarihin ƙarfen ba. Babur da yawa faɗuwa ce ta sa aka wargaza su. Wani da na ɗauka, da na kwantar da shi a kan siminti mai laushi sai gefe ɗaya ya ɗaga, na duba gwiwarsa na ga fenti ya yi 'yan tsage-tsage, alamar ya taɓa lanƙwashewa an miƙar. Na ajiye. A ƙarshe wajen wani mai shigo da kayan manyan babura na samu sabo, wanda ya hau kan jan zanen nan, bambancin bai kai kaurin yatsa ba.

Ya ba ni zaɓi tsakanin na alminiyam da na baƙin ƙarfe. Na alminiyam ya fi rashin nauyi, ba ya tsatsa, wanda ba ƙaramin abu ba ne a garin da iskarsa ke ɗauke da gishirin teku. Duk da haka na ɗauki na ƙarfe, saboda dalili biyu. Bangon na alminiyam ya fi kauri, ramin cikinsa ya fi ƙanƙanta, don haka ƙarafan nauyin nan da ke toshe bakin kai hagu da dama ba za su shiga ba. Mutane na ɗaukar su ado ne, alhali su ke shanye karkarwar inji kafin ta iso tafin hannu. Na biyu, idan tsautsayi ya sa na faɗi a wani ƙauye tsakanin Makwa da Kontagora, ƙarfe lanƙwashewa yake yi, a ɗan miƙar da shi ya kai ni gida a hankali kafin in sauya. Alminiyam idan ya lanƙwashe ba a amince masa a miƙar. Faɗi kuwa na bar shi yadda na asali yake. Kai mai faɗi na da daɗin sarrafawa a hanyar ƙasa, amma ni kullum sai na ratsa go-sulon Oshodi da Ikeja, tsakanin danfo da danfo.

Na ɗauka da na sayi kai an ci rabin aiki. Baba ya ce yanzu za a fara. Duk abin da ke jikin kan babur da igiya yake haɗe da gangar jiki: wayar kuloci, wayoyin totur guda biyu, ɗaya ta ja ɗaya ta mayarwa, tiyon birkin gaba, da wayoyin lantarki na hon da sigina da fitila da makashin inji. Kamfani ya yanka kowanne daidai tsayin kan asali, da ɗan rara kaɗan. Ka ɗaga kai da inci 2, rarar ta ƙare.

Bai yi odar komai da ka ba. Ya ɗaura sabon kan na wucin gadi, ya jera komai a kansa ba tare da ya matse ba, sannan ya juya kai hagu har ƙarshe, ya juya dama har ƙarshe, yana bin kowace waya da yatsa. Wayoyin lantarki sun isa da aka kwance igiyar robar da ta ɗaure su a jikin firam. Wayoyin totur ma sun isa bayan ya sauya musu hanya, ya bi da su ta bayan ƙafar gaba maimakon ta gabanta. Wayar kuloci ta gaza: idan aka juya dama har ƙarshe sai ta miƙe tsaf, har liba ta fara motsi da kanta. Tiyon birki shi ya fi ba ni tsoro. Babur na zaune a ƙasa, sai ka ga kamar ya isa. Baba ya sa yaronsa ya danne bayan babur ɗin, tayar gaba ta tashi sama, shokozoba ta miƙe iyakarta, sai ga tiyo ya ɗaure kamar tsirkiyar baka. Ya ce, "Ka gani, Alhaji? Haka zai yi duk lokacin da ka fito daga rami ko ka haye kwanta-kwanta da gudu. Yau ba zai tsinke ba, gobe ma haka. Amma yana cin bakinsa a hankali." Wannan gwajin na tayar gaba a sama shi ne wanda na ga masu sauya kai da yawa suna tsallakewa.

Ya ɗauki igiya ya bi hanyar da sabon tiyo zai bi, tayar na sama, kai a juye, ya ƙara ɗan rara, ya ƙulla, muka auna. Haka ya yi wa wayar kuloci. Rarar ma da iyaka, domin tiyon da ya yi tsawo da yawa yana iya goga taya ko ya maƙale a wani ƙarfe ya hana kai juyawa. Akwai masu haɗa tiyo a kasuwa, su ɗaure maka baki a take, kuma kuɗinsu kaɗan ne. Na tambayi Baba, ya ce araha ba ta ado, balle a birki. Na yi odar tiyo mai saƙar ƙarfe a jiki, daidai awonmu, tare da doguwar wayar kuloci, ta hannun mutumin da ya sayar min da kan. Kuɗin waɗannan biyun ya fi na kan kansa. Da a ce babur ɗin mai ABS ne da lissafin ya ƙaru, don shi tiyon ba kai tsaye yake sauka taya ba, sai ya fara biyawa ta akwatin ABS. Muka mayar da tsohon kai, na ci gaba da hawa har kayan suka iso.

Ranar ɗauri da sassafe muka fara, kafin rana ta buɗe. Baba ya rufe tanki da tsohon bargo, ya cire kan batir, ya sa na ɗauki hoton yadda kowace waya ta bi da wayata. Madubai suka fita, kariyar hannu ta fita, ƙarafan nauyi suka fita. Robar hannun hagu manne take da gam. Maimakon ya yanka ta, sai ya aika yaro wurin mai facin da ke maƙwabtaka da su ya jawo tiyon iska, ya cusa bakinsa a ƙarƙashin robar, iska ta kumbura ta, ta zame ta fito lafiya lau.

Wurin da ya fi cin lokaci shi ne hudar kai. A cikin gidan makunnai na hagu da na dama akwai wani ɗan tsinin roba da ke shiga rami a jikin ƙarfen, shi ke hana gidan juyawa. Sabon kai ba ya zuwa da ramin. Masu gaggawa sukan fiƙe tsinin su naɗa salatif a ƙarfen su matse. A gefen hagu wataƙila ka tsira. A gefen dama kuwa gidan da ke riƙe da wayoyin totur ne, ranar da zafin rana ya narkar da gam ɗin salatif, ka murɗa totur gidan ya biyo hannunka. Baba bai fara huda ba sai da ya ɗora kan a mazauninsa, ya daidaita tsakiya, zanen ƙarfen ya fito daidai wa daida a kowane gefen maɗauri. Ya sa na hau, ya riƙa juya kan gaba da baya kaɗan-kaɗan har na ce nan ne. Ya sa na taɓa hon da sigina da babban yatsa ba tare da na saki riƙo ba. Sai ya ɗiga ɗan giris a kan tsinin, ya rufe gidan a hankali ya buɗe, giris ya bar tabo a inda ramin zai zauna. Ya sauke kan, ya kafa shi a kan katako, ya buga ƙusa a tabon don kada bakin injin huda ya zame, ya huda daidai girman ramin tsohon kai. Ya goge bakin ramin da fayil, ya shafa masa fenti saboda tsatsa. A gefen totur ya bar 'yar tazara tsakanin roba da ƙarfen nauyi, don kada su gogi juna totur ya ƙi komawa.

Notunan maɗauri huɗu ne, kuma ba a matse ɗaya tamau a bar sauran. Bi da bi ya riƙa zagaya su, ya ƙarasa da sifana mai awon ƙarfi, a kan adadin da littafin babur ɗin ya faɗa. Libar birki da ta kuloci ya karkatar da su ƙasa kaɗan, yadda idan na miƙa yatsu, damtse da wuyan hannu da yatsun za su zama layi ɗaya. Ya kuma lura kofin man birki ya zauna a miƙe.

Sai birki. Ya zuƙe tsohon mai, ya kwance tsohon tiyo, ya ɗaura sabo da sababbin washar tagulla, biyu a kowane baki. Tsohuwar washa ta riga ta matsu, idan aka mayar da ita tana iya yoyo. Man DOT 4 ne, sabuwar kwalba da aka fasa a gabana. Man birki yana shan danshi daga iska, kwalbar da ta kwana biyu a buɗe a damshin Legas ba abin zubawa a birki ba ce. Yana kuma cin fenti, shi ya sa bokitin ruwa ke gefe, ɗigo ya faɗi a wanke nan take. Cire iska aikin mutum biyu ne. Baba ya tsuguna a gindin taya da siririn tiyo mai haske, bakinsa ɗaya a ɗan notin fitar da iska, ɗayan a cikin kwalba. Ni ina kan liba. "Matsa. Matsa. Riƙe." Ya buɗe noti, liba ta nutse a hannuna, mai ya fito da ƙananan kumfa suna bin juna a cikin tiyon, ya rufe. "Saki." Yaron na tsaye da kwalba yana ƙara mai kada kofin ya ƙafe ya sake shan iska. Muka yi gefe ɗaya har kumfa ta ɗauke, muka koma ɗayan. Liba ta yi tauri, amma da ɗan laushi a farkonta. Baba ya matse ta ya ɗaure da igiyar roba, ya juya kai yadda kofin zai zama shi ne mafi tsayi, ya ce a bar shi ya kwana haka, sauran iskar za ta hau sama da kanta. Washegari na taɓa liba na ji ta tsaya cak.

Kafin ya bar ni in fita, ya tayar da inji ya bar shi a sulo, ya juya kai hagu da dama har ƙarshe yana saurare. Idan ƙarar inji ta ƙaru ko kaɗan, wayar totur na jan kanta, ba a hawa. Ba ta ƙaru ba. Ya murɗa totur ya saki a kowane gefe, ya koma da kansa da ƙara. Ya saita wasan totur tsakanin milimita 2 zuwa 4, na libar kuloci tsakanin 10 zuwa 15 a bakinta. Ya sa na riƙe kai na juya har ƙarshe don a ga ko babban yatsana zai matsu da tanki. Bai matsu ba, amma kariyar hannun dama ta ɗan taɓa gefen gilashin gaba, sai ya sassauta ta ya sunkuyar da ita kaɗan. Hon, sigina, fitila, wutar birki, makashin inji, makullin kai, duk ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na fara da layukan unguwa, ina taka birki ina saki. Ranar Lahadi da safe, hanya ba kowa, na fita ta Bega, na wuce Kara, na haye doguwar gada na miƙa har mahaɗar Shagamu na juyo. Abin da na fara ji shi ne kafaɗuna sun sauka, ina ganin hanya ba sai na ɗaga haɓa ba. Yatsun nan biyu ba su mutu ba. Amma ba kyauta aka ba ni ba. Da na miƙe zaune, hular kwanona ta shiga cikin iskar da gilashi ke watsowa, kaina ya riƙa kaɗawa idan gudu ya yi yawa, sai da muka ɗaga gilashin zuwa raminsa na sama. Nauyin da ya bar hannuna ya koma mazaunai, sit ɗin da da ba na jin sa yanzu ina jin sa. Gaban babur ɗin ya ɗan yi sauƙi a kwana, sai da hannuna ya saba. A go-sulo kuma madubaina sun tashi daga layin madubin ƙananan motoci sun koma layin na danfo da jif, don haka ramukan da na saba kutsawa sai na sake koyon su.

Da na dawo Baba ya sake bin notunan maɗauri da sifana, ya shafa bakin tiyo da farin tsumma don ya ga ko akwai yoyo, sannan ya ja siririn layi da farin fenti daga maɗauri zuwa jikin kai. Idan kan ya zame ko da kaɗan, layin zai karye, ido zai gani tun kafin hannu ya ji.

A tafiyar gida da ta biyo baya na ga amfanin da ban sa a lissafi ba. Inda hanya ta lalace bayan Jabba, nakan miƙe tsaye a kan matakai in bar babur ya yi ta tsalle a ƙarƙashina. Da sai na duƙa sosai kafin in kai ga kai, yanzu ina tsaye gwiwa a ɗan lanƙwashe, ina hango ramin da ke gaban tirela. Na isa Kontagora da gajiya irin ta mai tafiya, amma na iya waiwayawa na amsa gaisuwa.

A can ne wani ƙanena ya tambaye ni abin da zan yi idan wayar kuloci ta tsinke a hanya, tunda tsohuwar da nake ajiyewa a ƙarƙashin sit ta zama gajeriya, irin doguwar kuma ba a Makwa ba, ko a Ilori da wuya a same ta. Da na dawo Legas na sake yin odar guda, daidai awon farko. Baba ya bi da ita gefen wadda ke aiki, ya ɗaure su tare da igiyar roba, ya toshe bakunanta biyu da leda da giris saboda ruwa da ƙura. Idan ta farkon ta tsinke, baki biyu kawai zan sauya, da sifana ɗaya da filaya, a gefen titi.